Yadda ake gano matsalar tsohuwar a-kori-kura mai shan mai fiye da kima in inji na da sanyi

Akwai wata matsala da tsofaffin a-kori-kura masu amfani da fetur ke yawan yi, ka tayar da ita da safe ta tashi da ƙyar, tana ta kakkarwa kamar zata mutu, baƙin hayaƙi na fita ta salansa, warin ɗanyen fetur har ya riƙa sa ka hawaye, in ka taka totur ta yi kamar ta shaƙe sannan ta amsa. Amma da ka yi tafiyar minti goma sha biyar inji ya ɗau zafi sai ta koma lafiya lau kamar ba ita ba. To wannan shi ne inji na samun mai da yawa iska kaɗan a lokacin sanyi, kuma abin da ke bani haushi shi ne yawancin mutane abu na farko da suke yi su kama sukurun kafireto su murɗa, ko su je su sayo sabuwar sensar salansa, wato na'urar da ke auna iskar da ta rage a hayaƙi, su ɗaura, alhali ko ɗaya cikin biyun ba shi ne ciwon ba. Sai a kashe kuɗi, a ɓata saitin da yake daidai, gobe da safe ta sake yin abin da ta saba.

Ka fara sanin cewa kowane inji yana buƙatar ƙarin mai in yana da sanyi, wannan ba laifi bane. Inji mai zafi yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi, amma in ƙarfe yayi sanyi fetur baya zama tururi da kyau, wani sai ya manne a jikin manifol da silinda, shi yasa ake ƙara mishi mai na ɗan lokaci dan abin da ya isa filogi ya kama wuta. Kenan tambayar da zaka yi wa kanka ita ce, wa ke ƙara man nan, kuma me yasa yake ƙarawa fiye da kima ko ya ƙi dainawa akan lokaci. A mota mai kafireto cok ne ke wannan aiki, wato faifan da ke rage iska a bakinta, a mai nozul mai fesa mai kuwa birenbos ne, wato kwamfutar mota, shi kuma sensar zafin ruwa ce ke gaya mishi ko inji na da sanyi ko a'a.

Abu ɗaya da dole ka yarda da shi kafin ka taɓa sifana: binciken nan da safe ake yinshi, a motar da ta kwana bata tashi ba. In ka tuƙa ta ka kai gareji inji yayi zafi, ai ka riga ka goge shaidar, bakaniken zai duba yace maka lafiyarta ƙalau kuma ba ƙarya yayi ba. Dama ɗaya kake da ita a rana, dan haka ka haɗa kayanka tun da dare, mita ta auna wuta, sifanar filogi, tocila, sukundireba, da gejin auna ƙarfin mai in zaka samu aro. Kuma a fili zaka yi aikin, kar ka yarda ka tayar da ita a rufaffen wuri, hayaƙin injin da ke shan mai da yawa cike yake da iskar gubar nan da bata da wari bata da launi kuma tana kisa. Sigari da ashana su yi nesa, abin kashe gobara ya zama kusa da hannunka.

Tabbatar da cewa man ne yayi yawa

Ka tayar da ita ka barta tayi minti biyu kacal, ka kashe, ka kwance filogi ɗaya bayan ɗaya kana jera su yadda suke a inji. In kaga baƙin toka busasshe mai laushi wanda ke gogewa a yatsa kamar bayan tukunya, to mai ne yayi yawa. In baƙin yana da danƙo da ƙyalli to baƙin mai ne ke hawowa, wannan maganar ringi ce ko sil ɗin bawul, wata matsala ce daban. In kuma filogi ya jiƙe sharkaf yana warin fetur to ko man ya wuce hankali ko wuta ce bata zuwa. Jerawar nan tana da amfani sosai, domin in duka sun yi baƙi iri ɗaya abin ya shafi inji gaba ɗaya, cok ko sensa ko ƙarfin mai, amma in ɗaya ne ko biyu kawai to ka nemi nozul mai ɗiga ko wayar filogin da ta mutu a wannan silinda.

Hayaƙi ma ka kalle shi da kyau. Fari mai watsewa da sauri da safe tururi ne ba komai, shuɗi baƙin mai ne, baƙi shi ne namu. Sannan ka zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina, in kaji fetur ko kaga ya haura layi kuma yayi ruwa-ruwa, to fetur na sauka ƙasa yana wanke silinda, ka sa a ranka zaka canza mai da filta da zarar ka gama gyara, kar ka ja lokaci dan shi ke cinye ringi da metal.

A nan ne kuma zaka duba wuta, dan wuta mai rauni tana kwaikwayon yawan mai sak. Filogin da suka cinye, wayoyin da suka tsattsage, murfin distributa da ya tsage ko danshi ya kwana a ciki, kwil da ta gaji, duk waɗannan sun fi nuna halinsu da sanyin safiya, man ya shiga daidai amma bai ƙone ba sai ya fito ɗanye. Ka buɗe murfin distributa ka haska tocila, in kaga ɗigon ruwa ko wani siririn layi baƙi kamar an zana da fensir to ka samu abu ɗaya. Filtar iska kuma ka cire ka ɗaga ta sama, in haske baya ratsa ta ka canza, aikin minti ɗaya ne.

In mai kafireto ce

Nan zan daɗe dan nan ne yawancin matsalar take. Tun kafin ka murɗa maƙulli ka cire murfin filtar iska ka leƙa bakin kafireto, zaka ga wani faifan ƙarfe a sama, shi ne cok. Ka taka totur sau ɗaya har ƙasa ka saki, faifan ya kamata ya rufe ɗaf da kanshi, in ka tura shi da yatsa ya buɗe cikin sauƙi ya dawo ba tare da ya maƙale ba. In yana cijewa to datti ne da danƙon mai a sandarshi, ka fesa maganin wanke kafireto ka yi ta motsa shi har ya saki, amma kar ka sa mishi giris ko baƙin mai, ƙura zai tara ya koma gidan jiya.

Yanzu ka sa wani ya tayar maka kai kuma idonka na kan faifan, amma kar ka sa fuskarka saitin bakin kafireto dan wuta kan iya tofowa. Da inji ya kama, nan take faifan ya kamata ya ɗan buɗe, 'yar kafa ta wasu milimita, kamar kaurin fensir ko ƙasa da haka. Abin da ke buɗe shin wani ɗan gwangwani ne a gefen kafireto mai robar ciki da siririn tiyo, zuƙar inji ce ke jan shi. In robar ta huje ko tiyon ya tsage, faifan zai zauna a rufe ruf inji na ta zuƙar zallar mai, sai baƙin hayaƙi da kakkarwa har sai cok ɗin ya buɗe da zafi daga baya, wato daidai alamomin da muka fara da su. Gwajin ba wuya, ka cire tiyon ka zuƙa da famfon hannu, ko ka tura sandar gwangwanin ciki da yatsa ka toshe bakin tiyon da ɗan yatsa ka saki, in sandar ta tsaya a ciki robar lafiya, in ta sulalo waje ta mutu. Na taɓa ganin wadda aka wanke wa kafireto har sau uku aka canza filogi sau biyu, ashe tiyon nan ne ya tsage ta ƙasa inda ido baya gani, tsagar bata kai tsawon farce ba, sai da aka lanƙwasa shi sannan ta buɗe baki. Shi yasa nake cewa kowane tiyo ka cire shi ka lanƙwasa, kallo daga sama baya isa. Ainihin girman kafar kuwa kowace kafireto da nata, yana cikin littafin motar, kuma da bakin dirila mai wannan kaurin ake aunawa, a zura tsakanin faifan da bango.

Daga nan ka tsaya kana kallon agogo. Faifan zai riƙa buɗewa a hankali, cikin 'yan mintuna ya tsaya a tsaye cak, silon da ya hau sama shima ya sauko in ka ɗan taɓa totur. Abin da ke buɗe shi wani naɗaɗɗen sifirin ne a cikin baƙin murfi mai zagaye, yana warwarewa in yaji zafi. Zafin ko dai daga wayar lantarki yake zuwa, ko daga siririn bututun ƙarfe da ya taso daga manifol ɗin salansa, wasu kuma ruwan lagireto ne ke ɗumama shi. Mai waya ka ɗora mita akanta inji na aiki, yawanci zaka ga wajen bolt 12, sai dai wasu tsofaffin Ford daga jikin altaneta suke ɗauka kai tsaye dan haka nasu kusan rabin haka ne, kar ka ga 7 kace ta lalace. Ka taɓa murfin bayan minti uku ya kamata kaji ɗumi. Mai bututu kuma tsatsa kan cinye shi ko toka ta toshe shi. Akwai kuma layuka a jikin murfin na saiti, sau da yawa wani ya taɓa murɗa shi yayi tsauri dan mota ta tashi da sauri, ka mayar da shi kan alamar da kamfani ya sa.

In cok ya wuce jarabawa sai fulot, wato abin da ke yawo a saman mai cikin kafireto yana tura allura ta tare mai in ya cika. Ka kashe inji ka haska tocila cikin maƙogwaron kafireto, bai kamata kaga mai na ɗiga ko yana malala ba. In yana ɗiga to allurar da ke tare mai bata rufewa, ko datti ya shiga ƙarƙashinta, ko fulot ɗin ya sha mai yayi nauyi ya nutse, na tagulla in ka girgiza shi kusa da kunne zaka ji ruwa a ciki. Wasu kafireto kamar ta Toyota 22R suna da ɗan gilashi a gefe, mai ya kamata ya tsaya a tsakiya. Ka kuma tambayi kanka ko an taɓa ɗaura mata famfon mai na lantarki, domin kafireto ƙarfin mai kaɗan take so, kamar psi 4 zuwa 7, wasu ma ƙasa da haka, in aka sa mata famfon motar nozul zai ture allurar ya cika ta. Sai dai matsalar fulot bata cika tsayawa a sanyi kawai ba, ko inji yayi zafi zaka ji tana shan mai.

Wani abu da ake mantawa, ƙofar iska mai ɗumi da ke hancin gidan filta da tiyon da ke kawo zafi daga manifol. Da yawa an cire an yar. Amfaninshi ya taimaki fetur ya zama tururi da wuri, in babu shi inji zai daɗe yana tangal-tangal da safe.

In mai nozul ce

Ga abin da nake so kowa ya riƙe: in inji na da sanyi birenbos baya sauraron sensar salansa kwata-kwata. Sensar sai ta kai zafin kusan digiri 300 a ma'aunin Celsius sannan take fara magana, tsohuwa mai waya ɗaya wadda bata da hita ma ta fi jinkiri, kafin nan birenbos da lissafin da aka rubuta mishi yake aiki. Dan haka matsalar da ke zuwa tun daƙiƙar farko ba daga ita bane. Asali ma ita ce ke rufa wa mai laifin asiri, da ta yi zafi ta fara aiki sai birenbos ya rage mai, mota ta daidaita, kai kuma kace ta warke.

Fara da karanta lambar matsala ko da fitilar gargaɗi bata kama ba. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket ɗin OBD2, ka jona na'urar karanta lambar matsala, P0172 na nufin mai yayi yawa, P0115 zuwa P0118 sensar zafin ruwa, P0128 inji baya kai zafin da ya kamata. Waɗanda suka girmi haka da 'yar waya ake yi, a motocin kamfanin GM, wato General Motors, ka haɗa ramin A da B a soket ɗin ƙarƙashin dashbod ka buɗe maƙulli ka ƙirga ƙiftawar fitila, 12 ce ke fara zuwa alamar tsarin na aiki, 14 da 15 sensar ruwa, 45 yawan mai. A Toyota TE1 da E1 ake haɗawa, 22 ita ce sensar ruwa.

Sensar zafin ruwan nan ita ce ta farko da nake zargi kullum. Ka lura guda biyu ne a yawancin tsofaffin injuna, mai waya ɗaya ta allurar dashbod ce, mai waya biyu ita ce ta birenbos, dan haka allura na nuna daidai baya wanke ɗayar. Yadda take aiki shi ne in sanyi juriyarta, wato yadda take tare wutar lantarki wanda ake aunawa da om, na da yawa, in zafi ta ragu. Ka zare soket ka ɗora mita akan ƙafafunta biyu da safe. Ta GM a digiri 20 wajen om 3,500 ce, a digiri 100 ta sauko ƙasa da 200. Ta Toyota 22R-E om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, sai 200 zuwa 400 a digiri 80. Ta Ford ta wancan zamani daban take, wajen om 37,000 a digiri 20, kar ka gwada ta da ma'aunin GM ka yar da mai lafiya. In ka samu lamba ta haura abin da ya dace da sanyin ranar to tana yi wa birenbos ƙarya cewa ana ƙanƙara, shi kuma sai ya buɗe wa mai hanya.

Kuma kar ka tsaya a sensar, ka leƙa cikin soket ɗin da tocila. Sau da yawa zaka ga wani kore-kore kamar gansakuka akan ƙarfen, ko farin gari, wani lokaci ruwan lagireto ne ya tsattsafo ta jikin sensar. Wannan tsatsar ƙarin juriya ce, birenbos bai san bambancinta da sanyi ba, kuma tunda wayar bata yanke gaba ɗaya ba bazai ajiye lamba ba. Wayar asa da ke ɗaure a jikin inji ita ma ka kwance ka kankare ka ɗaure. In kana da na'ura mai nuna bayanai kai tsaye abin yafi sauƙi, kafin ka tayar ka gwada zafin ruwa da zafin iska, tunda mota ta kwana ya kamata su zo kusan ɗaya, in kaga ruwa na nuna 40 ƙasa da sifiri to waya ta yanke ko soket baya taɓawa.

Tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har inji yayi zafi, shima na cikin maganar, masu nozul da masu kafireto duka. In ya maƙale a buɗe ko an cire shi gaba ɗaya, inji bazai kai digiri 80 zuwa 90 da ake so ba ko ya daɗe kafin ya kai, sensar na faɗin gaskiya amma inji ne ya ƙi zafi. Ka riƙe babban tiyon lagireto na sama daga lokacin da ka tayar, ya kamata ya zauna da sanyi na wasu mintuna sannan yayi zafi lokaci guda, in yana ɗumama a hankali tun farko to a buɗe yake. Cire tamostat dan gudun zafi ba gyara bane, mai kawai zata ƙara sha kuma inji ya tsufa da wuri, a mayar da shi.

Sai ƙarfin mai. GM mai nozul a saman totur, wato TBI na wajen 1987 zuwa 1995, psi 9 zuwa 13 ne, kuma daɗinshi kana ganin feshin da idonka in ka cire filta, ya kamata ya fito kamar hazo mai siffar mazurari, in ka kashe kuma ya tsaya ɗif ba ɗigo. Masu nozul a kowace silinda yawanci tsakanin psi 30 da 45 suke. A irin waɗannan ka zare siririn tiyon da ke kan regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin mai, in kaga fetur a ciki ko kaji warinshi robarta ta huje inji na shan mai ta bayan fage. In gejin ya nuna sama da ƙa'ida ka duba bututun da ke mayar da mai tanki ko ya lanƙwashe. In kuma ka kashe inji allura ta faɗi da sauri, ka toshe tiyon komawa dana zuwa in na roba ne, in har yanzu tana faɗuwa to nozul ce ke ɗiga cikin dare, da safe silinda a jiƙe.

Masu injin Toyota 22R-E akwai ƙarin nozul ɗaya a jikin manifol na sama, ta tashin sanyi, aikinta ta fesa lokacin da sitata ke juyawa kawai, wani suwic a hanyar ruwa ke iyakance mata lokaci. Ka zare soket ɗinta gobe da safe ka tayar, in hayaƙin ya ragu to suwic ɗin ko wayarshi ke barinta a buɗe. In bai canza ba ka kwance ta da bututunta a jiki, ka sa bakinta cikin kwalba, ka sa famfo yayi aiki, fiye da ɗigo ɗaya a minti ta lalace. A injin nan ka duba ƙofar ma'aunin iska da ke bayan filta ma, ka tura ta da yatsa ta tafi sumul ta dawo, kuma in kaga an taɓa ɓalle baƙin murfinta an manne da gam to wani ya taɓa sifirin ɗin ciki. Waɗanda ke da sensar MAP kuma, wato mai auna zuƙar inji a manifol, kamar GM ɗin can, tiyonta kaɗai in ya tsage sai ta ɗauka ka taka totur ne da kaya a baya ta sa a ƙaro mai, lafiyayyen inji a silo yana zuƙar inci 17 zuwa 21 a geji, kuma abin da ya isa sensar ya zama shi ne.

Duk abin da ka samu ka gyara shi kaɗai ka jira wata safiyar, kar ka canza abu uku rana ɗaya dan bazaka san wanne ne ya warkar ba. Ka sa filogi masu tsabta kafin gwajin dan tsofaffin da toka ta rufe zasu ci gaba da misin ko da an kashe matsalar, ka goge lambobin birenbos, in da fetur a baƙin mai ka juye shi. Sukurun saitin kafireto kuwa shi ne na ƙarshe, kuma sai inji yayi zafi sosai cok ya buɗe gaba ɗaya sannan ake taɓa shi.